Ranar Da Hasashen Hamad Ya Tabbata

Idan akwai garin da mai duban hadari zai mutu da takaici, to Alƙahira ce. Samanta iri ɗaya ce daga farkon shekara har ƙarshe: rana ta fito, rana ta faɗi, in an yi ɗan yayyafi da hunturu mutane su yi ta zancensa har mako. To a wannan garin Allah ya ajiye Hamad, mutumin da ba ya iya gama gaisuwa bai sako maganar iska ba.

Ba laifinsa ba ne, gado ya yi. Kakanninsa mutanen ƙasar Haɗeja ne, sun taso da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a Gadarif ta ƙasar Sudan, suka ce bari su yi noman damina ɗaya su wuce. Daminar ke nan har yau. Ubansa manomin dawa da riɗi ne, kuma kullum safiya kafin ya amsa gaisuwar kowa sai ya fito bakin bukka ya ɗaga kai sama. Hamad ya tashi a gefensa, ya koyi wane hadari ne mai ruwa, wane ne mai cika baki kawai. Da ya zauna can, da yanzu shi ake tambaya ranar shuka. Amma aka shiga kwasar samari ana kai su yaƙi, uwarsa ta ce gara ta yi kewarsa da ta yi zaman makokinsa. Ya bi jirgin ruwa ta Halfa ya sauka Aswan, jirgin ƙasa ya zo ya zubar da shi a Alƙahira. Ya karɓi katin 'yan gudun hijira, aka ce ya jira, za a kira shi a kai shi wata ƙasa. Yana nan yana jira.

Kafin kiran ya zo dai sai an ci abinci. Ya yi dako, ya yi wanke-wanke a gidan abinci, daga baya ya samu tuƙi a wani ɗan kamfani a unguwar Ma'adi mai sayar da injinan ban ruwa. Aikin ya yi masa, domin motar akwai rediyo, rediyon kuma yana karanta hasashen yanayi. Sauran direbobi in an zo wurin sai su murɗa su nemi waƙa. Shi kuwa nan yake ƙara murya, har ya ce wa fasinja ya ɗan yi shiru.

Abokansa Hausawan Sudan da suke haɗuwa wurin mai shayi a bakin tashar jirgin ƙasa ta Hadayek suka raɗa masa suna Arsad, wato yadda Misirawa ke kiran masu hasashen yanayi.

"Arsad, gobe fa?"

"Rana," wani ya amsa kafin ya buɗe baki.

"Jibi?"

"Rana!"

Sai a kwashe da dariya. Hamad ko a jikinsa. Sai ma ya gyara zama ya fara bayanin cewa ranar gobe ba irin ta yau ba ce, don iska za ta juyo daga teku. Kafin ya gama shayinsa ya huce, rabin masu sauraro sun watse.

Wannan surutun duk a bakin tasha yake, cikin 'yan uwa. Da ya karya kwana ya shiga lungunsu sai ya zama wani mutum. A shekararsa ta farko a garin, wasu matasa sun bi shi suna kiransa samara, wato baƙi, ɗaya ya jefe shi da ɓawon kankana. Ya juya ya yi musu faɗa, kafin ka ce me unguwa ta fito a kansa, mai gida ya ba shi mako ya kwashe kayansa. Tun daga ranar ya yanke wa kansa doka: kai a ƙasa, sallama a taƙaice, ba aron gishiri, ba zaman ƙofar gida. A benen da yake yanzu, hawa na huɗu, ya shekara da shekaru ƙofarsa na kallon ta maƙwabta, amma bai san sunan kowa ba, kuma yana ganin hakan dabara ce. Lokacin juyin juya halin Masar na 2011, da samari suka tare bakin lungu da sanduna suna tambayar takardu, ya ƙara wa ƙofarsa sakata ta biyu. Da aka sa dokar hana fita bayan shekara biyu, ya ƙara ta uku.

Cikin wannan gida aka kawo masa Mahasin. 'Yar garinsu ce, can aka ɗaura auren aka turo ta. Mace ce mai sanyin hali, irin wadda in ka taka ta ita za ta ce ka yi haƙuri. Abin da ya fara koya mata a Alƙahira shi ne, in ba muryarsa ta ji ba kada ta buɗe wa kowa. Ta riƙe wannan kamar karatu. Ta yi ciki ya zube, ta sake yi ya zube, har ta daina faɗa masa in ta ga alama. Sai a ƙarshen shekarar 2013 Allah ya tsayar musu da ɗaya, aka samu mace, aka sa mata Arwa. Ranar suna Hamad ya yi ta kai da kawowa bakinsa har kunne, kuma wannan ce rana ɗaya da ba wanda ya ji ya ambaci iska.

Ba uwa a kusa, ba gwaggo, don haka Inna Bakhita ce ta ɗauki jegon. Tsohuwa ce 'yar Gadarif, tana kula da wata dattijuwa marar lafiya a unguwar Zamalek, can take kwana, sai ranar hutunta ta zo. Ita ke dafa ruwan wanka da ganye, ta dama kunun kanwa, ta zuba garwashi a kasko ta tura ƙarƙashin gado kamar yadda ake yi a gida.

"Jikin mai jego ɗanye ne," take ce wa Hamad. "In sanyi ya shige shi, ya shiga ke nan har tsufa. Ka ji ni ko?"

Ya ji. Abu ɗaya ne kawai yake ba shi haushi da tsohuwar: tana da ciwon ƙirji, kuma duk sanda ta sa kasko sai ta buɗe taga ta zauna bakinta tana tari. A ganinsa ɗumin da aka sha wahalar haɗawa ne take bari yana zurarewa a banza.

Arwa ba ta yi arba'in ba, a tsakiyar Disamba, rediyo ya fara wata magana da Hamad bai taɓa ji ba tun zuwansa. Wai wata iska mai tsananin sanyi ta taso daga arewa, za ta ratso teku ta faɗo Masar da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wai dusar ƙanƙara za ta rufe duwatsun Sina, kuma ba mamaki ta taɓa gefen Alƙahira ta gabas. Ba za ta daɗe ba, in ji mai karantawa, saukar farat ɗaya ce, amma direbobi su yi hattara da hanyoyin sahara.

Wurin mai shayi aka yi dariya har da riƙe ciki. Ƙanƙara a Masar! Wani ya ce Arsad ya sayo buhu ya tara musu, a sa a lemo in bazara ta zo. Hamad kuwa ya miƙe tsaye. Ya ɗaga kai ya ga gajimaren da ke tahowa, ƙasa-ƙasa, masu nauyi, launin toka, ya ji yadda iskar ke cizon kunne. Ya san wannan karon ba cika baki ba ne. Kuma a gaskiya daɗi ya ji, irin daɗin mutumin da aka daɗe ana raina wa sana'a. Sai da ya tuna da maganar Inna Bakhita daɗin ya koma tsoro.

Ranar Alhamis ya nemi izini ya dawo da wuri, ɗauke da leda mai kauri da salatif da buhun gawayi. Ɗakinsu siminti ne sama da ƙasa, tagoginsa biyu, sai 'yar baranda. Ya bi kowace taga ya rufe da leda, ya bi gefe-gefe da salatif, ya kunna ashana yana zagayawa da ita don ya ga inda iska ke shigowa. Duk inda harshen wutar ya karkata sai ya ƙara liƙi. Har 'yar kafar da ke saman bangon kicin sai da ya cusa mata tsumma. Salatif ya ƙare ya sauka ya sayo wani. Almakashi ya yanke shi a yatsa, ya ɗaure ya ci gaba. Mahasin na zaune bakin gado da jaririya tana kallonsa, ta ce ya huta haka. Ya ce sai ya ga ashana ta tsaya cak a ko'ina, kuma bai huta ba sai da ta tsaya.

Da safiyar Juma'a, ana ruwa, wayarsa ta yi ƙara. Injiniya Ayman ne, wanda Hamad yake tuƙawa, Bamisire mai fara'a da ƙaton tumbi. Rufin ma'ajiyar kamfani a garin Suwais yana yoyo a kan kaya, dole a je yanzu.

"Ya bashmuhandis," in ji Hamad da Larabci, wato babban injiniya, "an ce fa hanyar sahara yau ba ta da tabbas. Ƙanƙara za ta iya..."

"Ƙanƙara! Ya Hamad, nan Masar ce. Yalla, yi maza, ina jiranka."

Mai katin gudun hijira ba ya ce wa aiki a'a. Hamad ya fita baranda ya hura gawayi, ya yi ta fifita har hayaƙin ya ƙare tas, garwashi ya yi jajir. Haka ya ga ana yi tun yana yaro: hayaƙi ne ke sa tari da hawaye, in ya wuce sai ɗumi zalla. Ya tura kasko ɗaya ƙarƙashin gado. Ya ce yau ba ranar kasko ɗaya ba ce, ya cika murhun dafa shayi ya ajiye tsakar ɗaki. Ya jawo ƙofar baranda ya danne ƙasanta da tsohon bargo, ya matso da buhun gawayi inda hannun Mahasin zai kai. Arwa ta kwana tana kuka, yanzu ta samu barci, don haka ya ɗauki wayar Mahasin ya kashe mata ƙara da hannunsa.

"In ya yi ƙasa ki ƙara. Kada ki buɗe ko'ina, ko kaɗan. In na fita ki tura tsumma ƙasan ƙofa."

"To, Abu Arwa. Allah ya kiyaye hanya."

Ya tsaya a waje har ya ji sakata uku sun shiga ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sauka da kwanciyar hankali.

Alƙahira ba ta san ruwa ba, ba ta kuma yi masa magudana ba. Tituna sun zama tafki, motoci na rarrafe, sai da hantsi ya ɗaga sosai suka hau hanyar Suwais. Sun wuce sababbin unguwannin gabas ke nan ruwan ya canja sauti a kan gilashi. Ya daina bugu, ya koma sauka a hankali, fari-fari, yana mannewa. Cikin ɗan lokaci yashin da ke gefen hanya ya yi fari fat har iyakar gani. Motocin gaba suka kunna jajayen fitilu, suka rage gudu, suka tsaya. Labari ya biyo layi daga baki zuwa baki: wata tirela ce ta zame ta gindaya a hanya, wata ta daki bayanta. Kafin Hamad ya yi tunanin juyawa, motoci sun cika bayansa. Hagu katangar siminti ce da ta raba hanya, dama kuma yashi ne da ya sha ruwa.

Ba wanda ya damu. Mutane suka fito daga motoci suna ihu kamar ranar salla, manya da gemu suna dunƙula ƙanƙara suna jifan juna, mata na ɗaga waya suna hoto. Ayman ya sauke gilashi ya tara hannu, ya juyo yana dariya.

"Wallahi ka ci sunanka! Daga yau in ka ce za a yi ruwan kifi, zan fito da kwando."

Wayyo Hamad. Shekara nawa yana jiran wani ya faɗa masa haka! Kansa ya kumbura, bakinsa ya buɗe. Ya ce ai shi tun Talata ya gani. Ya ce mutane na dariya shi yana shiri. Ya kwashe labarin leda da salatif da ashana ya faɗa, har da nuna yatsan da ya yanke. Ya ce yanzu haka da ake kaɗuwar sanyi, matarsa da 'yarsa suna cikin ɗumi, garwashi biyu na ci, ko iskar da za ta kaɗa gashin jaririya ba ta shiga.

Dariyar Ayman ta ɗauke.

"Gawayi? A ɗaki a rufe?"

"Ba hayaƙi ko kaɗan. Sai da na..."

"Kira ta."

"Barci take, jaririyar ta..."

"Ya Hamad, kira ta yanzu!" Ayman ya kama hannunsa ya matse. "Ba hayaƙin ke kisa ba. Akwai wata iska da garwashi ke fitarwa, ba a ganinta, ba a jin warinta. Mutum ya ji ciwon kai, ya ji barci, ya kwanta, shi ke nan. Mai gadin gidanmu lokacin ina ɗalibi, shi da matarsa da 'ya'yansa, haka aka same su da safe kamar masu barci."

Hamad ya so ya yi musu. Ya so ya ce uwarsa ta yi jego bakwai a kan kasko, kakarsa ma haka. Sai bukkar ta faɗo masa a rai: jinka ta ciyawa, iska na shiga ta ko'ina, ƙofar asabari ce. Shi kuwa ko kafar kicin bai bari ba.

Ya kira. Wayar ta yi ta shiga har ta katse. Ya sake, ya sake. Ya san tana nan kan akwati tana haske ba sauti, domin shi ya kashe sautin.

Ya kira Inna Bakhita. Ta ɗauka, ta ji, ta saki salati, ta ce ga ta nan fitowa. Amma Zamalek tsibiri ce, gadoji sun cushe, ba tasi, tsohuwa ce mai ciwon ƙirji. Ko ta iso sai bayan la'asar. Ya kira abokan wurin shayi ɗaya bayan ɗaya. Lokacin Juma'a ne, kowa na masallaci waya a kashe. Ayman ya kira motar asibiti, suka karɓi kwatance suka ce za su turo, amma hanyoyi duk ruwa ne, kuma Hamad ya san lungunsu ko a rani mota ba ta shiga.

"Maƙwabta," in ji Ayman. "Ba ni lambar maƙwabcinka."

Hamad ya tsura wa wayarsa ido.

"Mai gadi? Mai kanti na ƙasa? Wani dai a benen!"

"Ba ni da ta kowa."

"Shekara nawa kake gidan?"

Hamad ya kai hannu ga makulli. Ya tayar da mota ya murɗa sitiyari dama, ya ga wata a-kori-kura da ta riga shi wannan dabarar ta nutse a yashi har gindi. Ya danna ham, ya danna, ba wanda ya waiwayo, ai kowa ya san ba inda za a. Ya buɗe ƙofa ya fita da gudu ya nufi baya, tsakanin motoci, takalminsa na zamewa. Ɗaya hannun hanyar ma ba abin da ke wucewa. Wani mutum da iyalinsa ya tare shi yana murmushi, ya miƙo masa waya.

"Ya samara, ɗauke mu hoto mana!"

Hamad ya ture hannun ya wuce, ya zame ya faɗi da gwiwa, ya tashi. Ayman ya biyo shi yana haki, ya riƙo rigarsa ta baya.

"Ina za ka? Tafiyar yini ce a ƙafa! Dawo mu yi tunani."

Hamad ya koma mota ya zauna. Bai taɓa jin tsanar wani abu kamar yadda ya tsani farin nan da ya kewaye shi ba. Ya shiga bin sunayen da ke wayarsa daga sama zuwa ƙasa. Duk 'yan Gadarif ne, wasu a unguwar Ain Shams, wasu a Sitta Oktoba, wasu sun daɗe da barin ƙasar. Can ƙasa ya ga inda ya rubuta: Gas.

Amm Hussain ne, wani dattijo mutumin kudancin Masar da ke yawo da tukwanen gas a kan keke mai ƙafa uku, yana buga su da sifana don a san ya iso. Lokacin da gas ya yi wuya a gari, sai mai lambarsa ke samu, dalilin da ya sa Hamad ya karɓa ke nan. Ya kira. Aka ɗauka.

"Amm Hussain, ni ne Basudane na hawa na huɗu..."

"Babu gas yau! Khalas, ya ƙare!" Ƙit, ya kashe.

Ayman ya fizge wayar ya sake kira. Ya yi magana da irin muryar da Misirawa ke yi wa juna in abu ya ɓaci, da sauri, da rantsuwa, da kiran sunan Allah. Mace da jaririya, gawayi, ɗaki a rufe, ka taho da sifanarka. Sai muryar dattijon ta canja.

"Ina bakin masallaci, yanzu zan shiga. Wane gida? Mai koriyar ƙofa? Kada ka kashe."

Ayman ya buɗe sautin wayar ya ajiye ta a gaban mota. Daga nan duk abin da ya faru, da kunne Hamad ya gan shi. Ya ji ƙafafu na ratsa ruwa. Ya ji numfashin tsoho yana hawa bene, yana tsayawa, yana ci gaba. Ya ji bugun sifana a kan ƙofarsa, ƙarfe kan katako, da muryar Amm Hussain yana kiran ya madam, ya madam. Hamad ya kafa kunne, ya daina numfashi. Ba motsi a ciki, ko kukan jaririya babu.

Wata ƙofa ta buɗe, muryar mace ta tambayi abin da ake yi. Dattijon ya faɗa mata, ya kira ta Sitt Amna. Yau Hamad ya fara jin sunan matar da ke ƙofa da ƙofa da shi. Ta ƙwalla ihu tana kiran mutanen bene, tana dukan ƙofar da tafin hannu.

"Ƙofar ba ta motsi!" in ji Amm Hussain. "Me ka sa mata haka?"

"Sakata uku ce," Hamad ya ce. "Sama, tsakiya, ƙasa. Masu ƙarfi ne, ni na zaɓo su. Ka bar wajen, ka bugi ɗaya gefen, wajen maƙalar ƙofar. Katakon can ya tsufa."

Bugu ya koma can. Wasu muryoyin maza suka ƙaru, wani ya ce a ja baya. Aka haɗa kafaɗa, sau ɗaya, sau biyu, katako ya tsage da ƙara. Sai hayaniya ta kaure. Wani na cewa a buɗe taga, wani na cewa ba ta buɗuwa, duk an liƙe. Gilashi ya tarwatse. Daga nan wayar ta shige aljihu, ba abin da ke fitowa sai gunji da shafar tufa.

Hamad ya kifa goshi a kan sitiyari. Duk addu'ar da ya sani ta gudu, sai ya Allah, ya Allah kawai. A waje mutane na ta dariya, wani ya dunƙula ƙanƙara ya ɗora a kan motarsu yana yi mata idanu da murfin kwalba. Ayman na zaune ya rufe baki da hannu.

Can sautin ya washe. Muryar Sitt Amna ce kusa, tana haki, tana cewa yalla ya habibti, yalla, wato maza 'yar lelena, da ƙarar tafi a kan ɗan ƙaramin baya. Shiru. Ta sake. Sai wani ɗan sauti siriri kamar na kyanwa, ya tsaya, ya dawo, ya buɗe ya zama kuka sosai. Ayman ya daki gaban mota da hannu ya ce Allahu akbar.

"Uwar fa?" Hamad ya yi ihu a kan wayar. "Amm Hussain! Uwar!"

"Mun fito da ita kan matattakala. Tana numfashi. Tsaya... tana amai. Alhamdu lillahi, ta buɗe ido."

Ayman ya karɓe zancen, ya ce kada su yarda su mayar da su ɗaki ko sun ga sun warware, a kai su asibiti a sa musu iskar oksijin, su biyun. Wani a can ya ce tuktuk ɗinsa, wato keke-napep, na ƙasa, zai ratsa ruwan. Sitt Amna ta ce ita za ta riƙe jaririyar, ta naɗe ta cikin mayafinta. Sannan ta ce matar na motsa baki, kamar mijinta take nema, bari a kara mata wayar.

Numfashi ya fara zuwa, a hankali, da nauyi. Sai muryar Mahasin, da Hausa, can ƙasa.

"Abu Arwa."

"Na'am. Ina ji. Ina jin ki."

"Sun fasa tagar. Ba ni ba ce." Ta tsaya ta ja numfashi. "Kaina ya yi ta sarawa. Na tashi na je bakinta, har na kama ledar. Sai na tuna wahalar da ka sha jiya, har da yankewa. Na ce bari in ɗan kwanta, zai wuce. Ban buɗe ko'ina ba, wallahi."

Hamad ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta ɗauka bai ji ba, ta sake faɗa, a hankali, don ya tabbata ba ta saɓa masa ba.

"Na sani," ya ce da ƙyar. "Na sani, Mahasin."

Aka karɓe wayar, ya ji ana saukowa da ita daga bene, mutanen da bai san fuskarsu ba suna ce wa juna a yi a hankali. Layin ya katse. Ya zauna riƙe da sitiyari da hannu biyu, yana kuka kamar yaro, bai ko ji kunyar Ayman ba. Motar gabansa ba ta matsa ba, ta bayansa ma haka.